Wa Zai Ja Shuɗiya

Wata 'yar yarinya ta durƙusa a gaban Shuɗiya, tsohuwar motar Baba, tana kallon fuskarta a jikin bamba mai sheƙi. Hancinta ya kumbura a ciki, kunnuwanta sun tsuke, ita kuwa sai dariya take yi. Ko a tsaye, kanta bai kai fitilar motar ba. Dogo ya dubi yarinyar, ya dubi surukinsa da ke tsaye dab da ita yana goge madubi da tsumma, sai ya gane Baba bai san da ita a wurin ba.

Sau ɗaya a shekara masu tsofaffin motoci da masu motocin ƙawa suke haɗuwa a wannan filin, su jera su, su ɗaga bonet, jama'a su zo su ba ido abinci. Akwai wata ja mai ƙofofin da ke buɗewa sama kamar fikafikai, da wata baƙa da ta kwanta ƙasa kamar an taka ta. Dogo yakan wuni yana zagaya su hannuwansa a baya, domin dokar wurin ke nan, a kalla da ido ban da hannu. Bana kuwa ko ɗaya bai gani da kyau ba. Hankalinsa yana kan abin da ake rufe taron da shi: kowane mai mota ya tayar da tasa, a yi jerin gwano a hankali ta tsakiyar mutane, yara na gudu a gefe suna ɗaga hannu.

Shi ya kai Baba asibitin ido a watan jiya. Likita ta ce gefe da gefen ganinsa ya tafi, abin da ya rage kamar mai leƙe ta cikin bututu ne, kuma ta ce maganar tuƙi ta ƙare. Da suka iso ƙofar gida Baba ya ce wannan zance amana ne, ko Auta kada ta ji. Auta ita ce matar Dogo, 'yar lelen tsohon. Tun daga ranar Dogo yake juya abin a ransa. In ya faɗa, ya ci amanar mutumin da ya ba shi 'ya. In ya yi shiru wani abu ya faru, da wane baki zai ce bai sani ba? Ga kuma nauyin suruki, wanda ko ido ba ka iya haɗawa da shi, balle ka ce masa ba ni makulli. Da safe ya yi dabara ya sa an ɗauko motar a kan babbar mota, wai don kada ƙura ta ɓata fenti, Baba ya yarda. Amma ba a yin jerin gwano a kan bayan wata motar.

Mai jar motar nan, wani tsohon likitan haƙori, abokin wasan Baba ne tun suna samari. Ya iso yana kaɗa makulli a yatsa, ya tambayi Baba ko bana ma akwalar tasa za ta iya zagayen ko a nemo majiya ƙarfi su tura. Baba ya ce tun kafin a haifi wanda ya ƙera jar Shuɗiya take tashi da murɗa ɗaya, kuma shi bai taɓa ganin motar kirki tana ɗaga hammata a bainar jama'a ba. Aka kwashe da dariya. Likitan haƙori ya miƙo hannu daga gefe don su tafa, hannun ya tsaya a iska, Baba bai gan shi ba. Dogo ya yi wuf ya kama hannun ya gaisa da shi, kamar dama shi aka miƙa wa.

Da aka ja Baba zuwa ɗaukar hoto, Dogo ya tsaya shi kaɗai a gaban buɗaɗɗen bonet. Akwai wata baƙar waya mai kauri da ke kai wuta ga filogai. Baba da kansa ya taɓa nuna masa ita, ya ce ita yake zarewa in zai bar motar a baƙon wuri, ɓarawo ya yi ta murɗa makulli har ya gaji. Dogo ya waiga dama da hagu. Ya ja wayar ta fita daga mazauninta, ya bar ta a kwance kamar tana ciki, ya rufe bonet. Wannan ne karo na farko da ya taɓa wata mota a filin nan.

Bai sami sauƙin da ya zata ba. Ya tsare amana, ya tsare 'ya'yan mutane, amma da me? Zai sa tsoho ya kunyata a kan abu ɗaya tak da yake tutiya da shi.

Aka yi shela ta lasifika. Injuna suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, filin ya ɗauki ruri. Baba ya shiga, ya gyara hula, ya murɗa makulli. Shuɗiya ta yi tari ta yi shiru. Ya sake, ta sake. Mutane suka fara matsowa. Likitan haƙori ya leƙo ta tagarsa ya ce a kira majiya ƙarfin ne? Wannan karon ba kowa ya yi dariya ba.

Baba ya fito a hankali, ya bi jikin motar da tafin hannu har gaba, ya ɗaga bonet. Bai ko sunkuya ya duba ba. Hannunsa ya tafi kai tsaye kamar an aike shi, ya sami wayar. Tsohon doki sai mai shi. Ya riƙe ta tsakanin yatsu biyu, ya daɗe a haka, sannan ya juya kansa gaba ɗaya, yadda yake yi yanzu in zai ga mutum, har fuskarsa ta daidaita da ta Dogo. Dogo ya sunkuyar da kai.

Ƙas. Baba ya mayar da wayar. Ya koma ciki, murɗa ɗaya injin ya kama, jama'a suka tafa. Yarinyar ɗazu ta dawo, tana tsalle a gefen tayar gaba. Dogo ya ji ƙafafunsa sun kai shi bakin taga. Ya buɗe baki, bai san abin da zai fito ba.

"Baba, akwai yarinya a hagunka."

Tsohon bai waiga ba. Hannayensa biyu na kan sitiyari, ya shafa shi sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Sai ya saki, ya ja jiki a kan doguwar kujerar gaba har ya kai ɗaya gefen. Ya ɗaga murya yadda likitan haƙori zai ji, ya ce gwiwa ta matsa masa bana, yaronsa ne zai ja.

Dogo ya shiga ya zauna. Kujerar da ɗumin tsohon. Ya dubi ƙasa ya ga abin takawa uku, ga sandar giya a jikin sitiyari. Shi duk rayuwarsa ƙaramar mota mai canza giya da kanta yake ja. Na baya suka fara matsa oda.

"Baba," ya ce da ƙaramar murya, "ban iya irin wannan ba."

"Na sani. Wayar ma ba ka iya zarewa ba." Baba ya miƙo hannu ya kama sandar giyar. "Taka na hagun har ƙasa. Giya tawa ce. Kai dai duba mana hanya."

Dogo ya taka. Ya jira uwar yarinyar ta janye ta, sannan ya fara ɗaga ƙafa a hankali. Shuɗiya ta yi zillo, ta yi kamar za ta mutu, ta daure. Baba yana kallon gaba, yana ɗaga wa mutanen gefe ɗaya hannun.