Buta da Buton

Babana, Sajo mai gurmi, ya ba ni daga hantsi zuwa azahar, bai ƙara ko minti ɗaya ba. Washegari zai wuce sansanin alhazai, kuma ya riga ya yi wa Allah alkawari cewa daga ranar ya ajiye gurmi ke nan. Shekara arba'in da ɗoriya yana kaɗawa a bukukuwa daga Ɗanzomo har Gagarawa, amma ko kaset ɗaya babu mai ɗauke da kiɗansa. Ni da nake cika baki ina da situdiyo a Gumel, sai da na yi wata uku ina roƙo kafin ya yarda ya zauna in ɗauki kiɗansa.

Makirfo ba zai yiwu ba, don injin markaɗen Iya maƙwabciyata yana jikin katangata, ga shi ana biki a layinmu. Sai na manna wa gurmin fikof, ɗan abin da ke ɗaukar sauti daga jikin kayan kiɗa, na jona wayarsa a intafes, na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta. Baba ya taɓa tsirkiya. Abin da ya fito wallahi abin kunya ne, siriri, shaƙaƙƙe, kamar ana kaɗa gwangwanin madara.

"Zakiyyu," in ji Baba, "in wannan za ka bar wa jikokina, gara ka bar su da labari."

Abokina Dogo, wanda ya zo kallo, ya ce ai sai da akwatin DI, shi ke gyara sautin irin waɗannan kaya kafin ya shiga intafes. Dogo bai taɓa ganin akwatin da idonsa ba, amma ya faɗa da ƙarfin hali har na yarda. Na buga waya wuri huɗu a Gumel, babu mai shi. Daga ƙarshe aka ba ni lambar wani Abdulfatah a Maigatari, mutumin Damagaram mai haɗa lasifika a wuraren wa'azi.

Ranar kasuwa ce, muryarsa tana zuwa tana yankewa cikin kukan shanu. Ya tambayi irin intafes ɗina, na faɗa masa.

"Ba ka buƙatar akwati, ɗan'uwa," ya ce. "Ka nemi buta..." Sai layin ya katse.

Buta? Sai na tuna masu gyaran wuta kan zuba ruwa a gindin ƙarfen da ake binnewa a ƙasa. Na ce shi ke nan, abin da yake nufi ke nan. Na sungumi butar alwalar Baba na fita, na tuttule ta a gindin ƙarfen janareto. Na dawo, sauti yana nan yadda yake. Dogo ya ce ruwan ne bai isa ba. Buta uku muka zuba, ni da digirina, Baba yana kallonmu yana duba agogo.

Ƙarfe sha biyu da rabi waya ta yi ƙara. Abdulfatah ne. Ashe ya bar rumfarsa ya fita har bayan kasuwa don ya sami layi, saboda na ce masa mai gurmin tsoho ne kuma yau ce rana ta ƙarshe. Na gaya masa na zuba ruwan. Ya yi dariya har da tari.

"Buton na ce, buton. Ku maɓalli kuke cewa, ko? Dubi kusa da inda ka soka wayar, akwai ɗan maɓalli an rubuta INST. Aikin da akwatin zai yi maka, shi ma yana yi. Akwati sai in wayarka doguwa ce ƙwarai, ko tana gunji."

Shekara biyu ina goge ƙurar maɓallin nan ban taɓa danna shi ba. Na danna. Baba ya sake taɓa tsirkiya, sai ga gurmin da na tashi ina ji a zaurenmu ya cika ɗakin, da kaurinsa da komai. Na juya wa Dogo baya don kada ya ga idona.

Na ce wa Abdulfatah ban san da wane baki zan gode masa ba. Ya ce in daina surutu in danna ɗauka, lokaci yana tafiya.

Baba ya kaɗa taken manoma, ya kaɗa na mahauta, ya shiga wanda ya yi wa mahaifiyata tun kafin a haife ni. Yana tsakiyarsa ladan ya kira salla. Ya ɗora tafin hannunsa a kan tsirkiya, sautin ya mutu nan take.

"Baba, saura kaɗan. Ku ƙarasa mana."

"Azahar na ce maka."

Ya jingine gurmin a bango ya nemi ruwan alwala. Na duba kwamfuta, minti hamsin da ɗaya. Da bawan Allah nan bai sake kirana ba, da ko ɗaya ban samu ba, kuma har yau ban san kamanninsa ba. Baba ya dawo daga Makka lafiya, ya cika alkawarinsa. 'Ya'yana sun haddace kiɗan da ya yi wa kakarsu har daidai inda ya tsaya, kuma su a wurinsu nan ne ƙarshensa.