Minti Huɗu

Ta sake mayar da hoton baya, karo na uku. A fuskar kwamfuta wata tsohuwa tana share ƙofar shagonta, ba ta cewa uffan.

"Matar Yaya, ƙarfe huɗu fa suke rufe karɓa," in ji Auta daga bakin ƙofa, fom a hannunsa. "Biyu ta wuce."

"Shigo ka zauna. Ka tsaya min a ka sai ka ce ɗan sanda."

Ita ke tace finafinan mijinta tun kafin su yi aure. Wata biyar ke nan da rasuwarsa, wannan kuma shi ne na ƙarshe da ya ɗauka. Auta, ƙaninsa, shi ya riƙe masa kyamara, shi ne kuma ya kafe sai an kai fim ɗin bikin finafinai na ƙasa. Sharaɗin bikin, gajeren fim kada ya wuce minti talatin. Nasu talatin da huɗu ne.

"Wai me bikin nan ya taɓa tsinana mana?" ta ce. "Wancan karon da sassafe suka haska namu. Mutum tara na ƙirga a zauren, biyu masu shara ne."

"Masu sharar ma ai sun tafa."

Ba ta yi dariya ba.

Ya ja kujera ya zauna. "Bana daban ne. Duk wanda aka zaɓa za a zagaya da shi gidajen kallo. In ba mu kai ba, a cikin kwamfutar nan zai ƙare, daga ni sai ke muka gani. Yaya bai sha ranar nan don mu biyu ba." Ya nuna tsohuwar da baki. "Ga minti huɗunki nan. Ai kuskure ne. Ta gama maganarta, Yaya ya manta bai ce a tsaya ba, ni kuma na yi ta ɗauka har hannuna ya sage."

Ta zare abin sauraro daga kunnenta ta miƙa masa, ta ƙara murya.

Da farko ƙarar tsintsiya kawai ya ji. Sannan, dab da kyamara, numfashin mutum. Yana shiga, yana fita, da ɗan shaƙewar nan da duk gidan suka ɗauka mura ce. Can wajen ƙarshe aka yi wata 'yar dariya ta hanci, irin wadda Yaya kan yi in abu ya yi masa daɗi.

Auta ya daɗe bai cire abin daga kunnensa ba. Da ya cire, sai ya ninke fom ɗin gida huɗu ya tura aljihu.

"A bar shi yadda yake. Bikin banza, Allah na tuba."

Ta dube shi. Idanunsa sun kaɗa. Ta juya ga kwamfutar, ta sa alama a inda tsohuwar ta rufe baki, ta sa wata a inda ta jingine tsintsiya, ta danna ta yanke tsakaninsu.

"Matar Yaya!"

"Da yana nan, tun ranar farko zan cire. Ya yi kwana biyu yana kumbure-kumbure, ya dawo ya ce dabararsa ce. Yi shiru mu gani."

Suka kalla tun daga farko, fanka na juyawa a kansu. Da aka zo wurin, tsohuwar ta faɗi kalmarta ta ƙarshe, sai ga ɗanta a tasha yana sauka daga mota. Ko alamar gurbi babu. Ta so a ce ta ji wani abu ya yi giɓi. Ba ta ji ba.

Ta kwafe fim ɗin a ɗan filas na kwamfuta ta ajiye masa a kan tebur.

Auta ya ɗauka, yana juya shi a tafin hannu.

"Ya fi kyau," ya ce can ƙasa, kamar mai amsa laifi.

"Na sani," ta ce. "Yi sauri, akwai cunkoso a hanya."