Ƙwaƙwalwar da Ba Ta Farka Ba

Wata goma sha huɗu Zakiyya ta jira kafin ƙunshin ya iso Bagudo. A ciki akwai 'yan ƙwayoyi biyar baƙaƙe, kowace ba ta kai farce ba. Ƙwaƙwalwar waya ce da ta zana da kanta a shekararta ta ƙarshe a jami'a. Wata masana'anta a ƙasar waje ta ƙera wa ɗalibai kyauta, sau ɗaya tak.

Baffanta Ango ne dalili. In ya tsallaka da shanu ƙasar Benin, cajin wayarsa kan ƙare a kwana na biyu, gida su yi makonni ba labarinsa. Sai ta tsara ƙwaƙwalwar da za ta yanke wa kanta wuta in ba aiki, ta farka in an taɓa. A gwajin kwamfuta ta farka sau dubu.

Yayanta Mudassiru, mai gyaran waya a kasuwa, ya liƙa ta farko a allon gwaji da dalma. Fitilar allon ta kama.

"Injiniya ta gidanmu!" in ji shi. "Yanzu sai mi?"

"Bari ta yi barci, Yaya."

Fitilar ta mutu, kamar yadda aka tsara. Zakiyya ta danna maɓalli. Shiru. Ta sake dannawa.

"Hannunka ne," ta ce a hankali.

"Hannuna? Shekara tara ina wannan aikin." Amma ya cire, ya sa ta biyu.

Kafin la'asar sun gwada huɗu. Baffa Ango, da ya zo cajin waya, yana kan benci yana kallo.

"Ɗiyata, in duk ta kwanta, wa ke tada ta?"

"Akwai ɗan sashen da ke sauraron maɓalli, Baffa."

"Shi ina yake kwana? Mu dai garke bai kwana duka. Ɗaya na waje yana gadi."

Ta buɗe zanen a kwamfuta, ta bi layin wuta da yatsa. Ga sashen nan, cikin shingen da ake yanke wa wuta. Gwajin kwamfutar bai taɓa yanke wutar da gaske ba, lissafi kawai yake bi.

"A gyara mana," in ji Mudassiru, yana ɗaga ƙarfen dalma.

"Cikin ƙwayar yake, Yaya. Ba a buɗewa."

Baffa ya karɓi wayarsa, ya ce jibi za su tsallaka. Zakiyya ta nannaɗe ta biyar ɗin a takarda, ba ta bari an kunna ta ba.