Kujerar Baranda

Lemon tsami a leda, garin soda irin na masu burodi, kwalaben roba, balan-balan. Su ne a jakar Malamar Kimiyya, tana rungume da ita a bayan motar haya kamar mai jego, kada a matse mata lemo.

Da ta isa makaranta, kujerar tana baranda tuni. Haka aka saba duk ranar gwaji: Baba mai kula da ɗakin gwaji zai fito da kujera, ya zaunar da Auta, ɗalibar da ba ta gani, har a tashi. Shugaban makaranta ya riga ya yanke cewa ƙarshen zango za a cire ta daga ajin kimiyya, tunda ba ta taɓa yin gwaji ba.

"Baba, yau da ita za a yi."

"Haba 'yata! Ga wuta, ga kwalaben fashewa. Idan ta ƙone, me zan gaya wa uwarta?"

"Yau babu wuta. Lemo ne."

"To, mun zama 'yan talla ke nan," in ji shi, amma ya ba da hanya, Auta ta shiga aji.

Malama ta matse lemon a kwalba, ta cika balan-balan da soda, ta ɗaura a bakin kwalbar, ta damƙa wa Auta.

"Ɗaga shi, garin ya zube ciki."

Kwalbar ta hau tsuwa. Balan-balan ya kumbura a tafin yarinyar har ya buɗe mata yatsu. Aji ya kaure da ihu, ita kuwa ba ta ko motsa ba.

"Malama, iska ce ta fito daga ruwan?"

"Ita ce."

"Kuma kwalbar ta yi sanyi. Ɗazu ba haka take ba."

Malama ta taɓa. Da sanyi kuwa. Shekara da shekaru tana wannan gwaji, allo kawai take nunawa, ba ta taɓa lura da sanyin ba.

"Kowa ya zo ya taɓa," ta ce. "Sannan ku gaya mini inda zafin ya tafi."

Ihun ya jawo Shugaba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi kujerar da babu kowa a kai.

"Malama, ai mun gama wannan magana."

Ta fita ta ɗauko kujerar, ta ajiye ta a layin gaba.

"Ranka ya daɗe, shigo ko ka ba mu wuri, darasi muke yi."

Ya shigo. Ta rufe ƙofa.

"Auta tana ajina. Ba za ta koma baranda ba."