Lungun da Shela Ta Daina Bi

A Bazaga, in kana so magana ta shiga kunnen kowa kafin rana ta take tsaka, Tanimun za ka ba. Shi ne mai shelar gari tun kafin a saya masa lasifika, kuma in za a faɗi gaskiya, lasifikar ba ta ƙara masa komai ba sai nauyi. Ya hau amalanken jakinsa ya zaga gari, ya isar da saƙon mai gari, sannan ya ɗora nasa a kai: wane ya yi tumbi, wance ta ƙona tuwo. Mutane su rama, shi kuma ya ƙara.

Amma wadda ta iya masa ita ce matarsa, Hindu. Duk sanda shela ta biyo da shi ta lungunsu, sai ya tsai da jaki dab da katangar gidansa, ya ƙure murya da gangan. Ita kuma, ko daka take ko wanki, sai ta ɗago daga ciki: "Mun jiya, mai baki kamar ganga! Wuce ka ba kaji lahiya!" Lungu ya ɗauki dariya, amalanke ya ci gaba. Abin ya bi jiki har jakin ya haddace: ba ya ɗaga ƙafa sai ya ji an faɗi haka.

Da damina Hindu ta faɗi a bakin murhu, bayan ta daɗe tana cewa ciwon kai ne kawai. Ba ta tashi ba. Da aka share makoki Tanimun ya koma aiki, ya biyo ta lungu, jaki ya tsaya a inda ya saba, ya miƙe kunnuwa yana jira. Sai da ya sha sanda ya motsa, kuma sandar nan ta fi yi wa mai dukan ciwo. Daga ranar Tanimun ya mai da turken jakin gidan ƙanensa, shela ta daina bin lungun. Shi ma in zai shiga gida, sai ya raɓa kamar mai bin gidan wani.

Mutanen gari kuwa suka yi masa abin da suke gani alheri ne, suka daina tsokanarsa. Ya ce wa mahauci namansa na tsohuwar saniya ne, mahauci ya ce, "Hakanan na, Malam Tanimun, Allah shi ƙara haƙuri." Kai, tausayi ma in ya yi yawa cuta ne. Barci ya ƙaurace masa, ƙeyarsa ta riƙa sara, abinci ya zama kamar dusa a bakinsa. Kewar matarsa na cinsa, kuma babu wanda ya gaya wa.

A shekarar ne likitocin Ƙonni da na Malbaza da Illela suka haɗa kai da na tsallaken iyaka, wajen Sakkwato. Dalilinsu mai kyau ne: mutum zai auna jini a nan, ya sayi magani a can, ya daina sha a tsakani, babu mai bin sawunsa. Suka zo Bazaga suka kafa rumfa biyu a filin lakwal, wato makarantar boko. Ta farko ta awon hawan jini. Ta biyu ta hira ce, inda wani likitan ƙwaƙwalwa daga Tawa, Malam Ayuba, zai saurari duk mai damuwa ko rashin barci.

Aka ba Tanimun shela. Ya faɗi ta farko daidai, da ya zo ta biyu sai bakin nan nasa ya yi halinsa. "Wanda kuma ya san kanshi da motsi, ga rumfar taɓaɓɓu nan, kyauta ta!" Sunan ya kama kamar wutar kara. Rumfar awo ta cika har layi ya kai bakin rijiya, shi kuwa Malam Ayuba ya wuni da butar shayinsa yana korar ƙuda. Tanimun ya tsaya nesa a gindin itacen bedi yana satar kallon rumfar. Ita yake buƙata, ya sani sarai. To amma wanda ya raɗa wa rumfa suna, da wane ido zai shige ta?

"Kai, bawana! Tsayuwar mi kake nan kamar an dasa ka?"

Ya waiwaya. Zahara'u ce, 'yar kawunsa, wadda ke aikin asibiti a tsallake, ta zo cikin tawagar da farar rigarta. Taubasai ne, ita 'yar namiji shi ɗan mace, tun suna yara take kiransa bawanta. Lokacin rasuwa ta zo ta yi gaisuwa da ladabi kamar kowa. Yau kam ta bar ladabin a gida.

"Dubi yadda ka koma," ta ce. "Wuya kamar mariƙin lema. Zo nan in ga abin da ya rage."

Rabon da a zage shi har ya manta. Wani daɗi ya ratsa shi, ya bi ta yana cewa ai 'yan Najeriya ba su san komai ba sai surutu. Ta ɗaure masa dantse, ta matsa 'yar robar har hannun ya yi tauri, ta kasa kunne. Dariyar fuskarta ta ragu.

"Ɗari da tamanin," ta ce.

Majon Ƙonni, shugaban ma'aikatan jinyar wannan ɓangaren, ya leƙo ya duba. "Sha takwas ke nan, a lissafinmu."

"To na ɗauki na gida," in ji Tanimun. "Ku har jinin mutum sai kun yi mishi canji?"

"Duk ɗaya na, wawa, kuma duk ba kyau," ta ce. "Magani za ka fara, ka rage gishiri, kuma ko nan ka zo ko wajenmu, an san da kai. Kana kwana?"

"Kamar jariri."

"Jariri mai ciwon ciki." Ta dubi layin mutane, ta sake dubawa. "Tsaya. Ina Inna Hadiza, maƙwabciyarku? Tun safe nike neman ta. Ban ga mutum guda na lungunku ba."

Tanimun ya ce wataƙila sun tafi gona. Gona da rani! Shi kansa ya san ba haka ba ne. Tsofaffin lungun nan ba sa fita, in shela ba ta je ƙofarsu ba, ba su da labari. Kuma ya san abin da ciwon kan da ba a auna ba ya yi masa a gidansa. Kunya ta rufe shi.

Zahara'u ta miƙa wa majo abin awon, ta tattare rigarta ta haye amalanke. "Kora, bawana."

A hanya ya gaya mata, yana kallon kunnuwan jaki don kada ya kalle ta. Ya faɗi tsayuwar, ya faɗi sandar. Ya ce tsoronsa ɗaya, ya tsaya a bakin katangar nan ya ji shiru, ya yi kuka gari na ji. Ba ta ce masa ya yi haƙuri ba, kuma ya gode mata da hakan a ransa.

Suka shiga lungu. Jaki ya tafi kai tsaye ya tsaya dab da katanga, kamar jiya aka bari. Tanimun ya ɗaga lasifika, ya yi shela: a fito a auna jini, kyauta, tsoho da tsohuwa kada wanda ya zauna. Ya sauke. Jaki ya miƙe kunnuwa.

Shiru. Kaji ne kawai ke tono a bayan katanga.

"Ke kin san abin da marigayiya take cewa," ya ce a hankali.

"Na sani. Amma faɗin ba nawa ba na."

Sai ga wata murya, siririya, mai karkarwa, daga gidan da ke kusa. Inna Hadiza ce, ƙawar marigayiya. "Mun jiya, mai baki kamar ganga!"

Jaki ya juya kunne ɗaya, ya auna muryar, ya ga ba ta kai ba. Ko gezau.

"Wanga jaki ya raina ni," in ji tsohuwar. "Ku taya ni, jama'a! Tun damina muke riƙe da ita a baki!"

Ashe duk suna bayan katangunsu suna saurare. Mata da maza, har da masu tari, lungu ya ɗauka gaba ɗaya: "Mun jiya, mai baki kamar ganga! Wuce ka ba kaji lahiya!"

Jaki ya kaɗa wutsiya ya ɗaga ƙafa.

Abin da Tanimun ya ji tsoro shi ya faru, har ma ya fi, don ya manta bai kashe lasifika ba. Rabin Bazaga ya ji kukansa, da jan majinarsa, da dariyar da ta biyo baya ta cakuɗe da kukan. Sama ba ta faɗo ba. Wani tsoho ma ya leƙo ya ce kukan nasa ya fi shelarsa daɗin ji.

Suka koma filin lakwal da tsofaffi cike da amalanke, sauran na biye a ƙafa. Tanimun ya sauke su a rumfar awo, ya share fuska da hannun riga, ya sake ɗaga lasifika.

"Jama'a, gyara ga shelar safe! Rumfar can da na yi wa suna, ni za ni fara shiga. Wanda ke kwana lahiya ya yi mani dariya. Wanda ba ya yi, ya biyo layi."

Aka yi dariyar, amma ba kowa ba. Mahauci ya sosa ƙeya, ya matso kaɗan kamar mai neman inuwa.

Malam Ayuba ya gyara masa kujera, ya tsiyaya shayin da ya wuni yana jiran mai sha, ya tambaye shi daga ina yake so su fara. Tanimun ya ajiye lasifikar a ƙasa, wannan karon ya tabbatar ya kashe ta.

"Sunanta Hindu," ya ce. "Kuma duk Bazaga babu wanda ya kai ta iya zagi."