Auta Ke Fara Magana

Ƙofar ɗakin shawara na rufuwa, alƙalan uku suka zauna, babu wanda ya kalli wani. An rufe tagogi, amma warin sharar da ta taru a titi tun farkon yajin aiki sai da ya samu hanyar shigowa.

Maganar guda ce. Ƙaramar kotu ta umarci masu shara su koma aiki, shugabansu ya ƙi janye yajin, aka ɗaure shi wata shida saboda raina kotu. Ya ɗaukaka ƙara. Yau ko dai ya kwana gidansa, ko a mayar da shi kurkuku.

A wannan kotu ƙaramin alƙali ne ke fara faɗin ra'ayinsa, don kada kwarjinin manya ya danne shi. Ita ce ƙarama, shi ya sa suke ce mata Auta. Ta buɗe baki ke nan, alƙali na biyu, wanda ake kira Mai Gilashi, ya tare ta.

"Ranka ya daɗe," ya ce da Shugaba, babban alƙalin cikinsu, "kafin 'yar'uwata ta yi magana. Na ga mahaifiyarta a layin baya. Duk garin nan an san da tsintsiya aka yi mata karatu. Anya ba za ta janye ba?"

"Idan na janye sai bayan hutu za a sake zama," in ji Auta. "Kai kuma da ka yi wa jam'iyya mai mulki lauya har furfura ta fito maka, kana nan daram?"

"Ni ai na ajiye katin jam'iyya."

"To, ni ba a ajiye uwa."

Shugaba ya ƙwanƙwasa tebur da ɗan yatsa. "Babu mai janyewa. Auta, bakinki muke jira."

Hankalinta kuwa ya koma gida. Da safe Inna ta tsaya mata a ƙofar kicin, bayanta a tanƙware saboda shekarun da ta yi tana duƙawa a titi, ta ce, "Ba na roƙonki komai. Amma kin san abin da tsintsiya ke yi wa mutum." Ta sani. Ta kuma bi dokar ciki da bai tana neman kafar da za ta fitar da mutumin, ba ta samu ba. Umarnin ya kai hannunsa, an saurare shi, ya tsaya gaban jama'a ya ce ba zai bi ba.

Sai wata dabara ta zo mata, mai daɗi kamar ruwan sanyi. Mai Gilashi zai ce a tsare. Shugaba, wanda sunansa ke gaban gwamnati don ƙarin girma, shi ma haka. Idan ta ce a sake shi, ba abin da zai canza, ta koma gida da farin jini. Ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Ta haɗiye dabarar da ƙyar.

"Ya raina umarnin kotu," ta ce. "Da ma'aikatar da ta ɗauke su aiki ce ta yi haka, ɗaurin zan ce. Hukuncin ya tsaya."

Mai Gilashi ya zare gilashin ya dube ta. Can ya yi murmushi. "Ikon Allah. To, ni ma haka."

"Ni kuwa na saɓa muku," in ji Shugaba a hankali. "A ganina umarnin ya yi faɗi da yawa tun farko. A sake shi."

Ta ji kamar an zare mata kujera. Biyu da ɗaya, kuma ƙuri'arta ce ta cika biyun.

"Ranka ya daɗe, umarni ko ya yi faɗi, ai bi ake yi sannan a ƙalubalance shi. Kai ka koya mana."

"Na koya. Na kuma tsufa, na ga abin da ake yi da irin wannan umarni." Ya tattara takardunsa. "Ba mu fita ba tukuna. Har yanzu kina iya canzawa, babu wanda zai ji."

"Ni zan ji," in ji Mai Gilashi.

Ba ta ko dube shi ba. Hujjar Shugaba take juyawa a ranta, tana so ta gamsu, tana roƙon ta gamsu. Daga zauren ana jin tari da motsin benci. Ta tambayi kanta: da Inna tela ce, wannan hujja za ta motsa ni?

"Ban gamsu ba," ta ce.

"Shi ke nan. Waye zai karanta na masu rinjaye?"

"Auta mana," Mai Gilashi ya yi caraf. "Daga bakinta zai fi shiga."

Ta gane abin da yake nufi: gobe gwamnati za ta ce har 'yar mai shara ta yarda. Ta miƙe ta gyara rigarta.

"Zan karanta. Ba don kai ba."

Aka buga ƙofa, zaure ya miƙe tsaye. Shugaban masu shara na cikin akwatin tuhuma, ya riƙe katakon da hannu biyu, kuma ita yake kallo, har da ɗan murmushi. Ta zauna, ta jawo makirufo, ta fara. Kafin ta kai ƙarshen shafin farko murmushin ya ɗauke, ɗan sandan da ke bayansa ya matso kusa.