Jan Farce a Gindin Kofi

Shekara goma sha ɗaya ni ke wanke kofunan jibin Ubangiji a majami'armu, waɗanda ake shan ruwan inabi da su sau ɗaya a wata. Ƙananan kofuna ne na gilashi, ɗari da ashirin, kowanne da raminsa a tire. Na san su kamar yatsuna. Shi ya sa ranar da na ga ɗigon jan farce a gindin ɗaya, na ɗauka datti ne, na yi ta kankara.

"Bar shi, ni na sa," in ji matar Dattijon majami'a, da ta leƙo ɗakin wanki. "Na ƙaninki ne. A riƙa sa shi a kusurwar tire, mai rarrabawa ya san yadda zai juya masa."

Ƙanin nan nawa mai walda ne. Shekara huɗu ya yi a gidan yari, don ya sha giya ya fasa wa wani bawan Allah ido da kwalba. Ban taɓa kare shi ba, har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Amma ya fito, ya je gidan mutumin ya durƙusa, ya tsaya gaban ikilisiya ya tuba da hawaye, Fasto ya karɓe shi. Waye ya fi kowa tafi ranar? Wannan matar!

Na ce, "Mama, me ya yi kuma?"

"Haba 'yata, ai muna ƙaunarsa. Zunubin muke ƙi, ba mai zunubin ba."

Ji mini magana! Zunubi a leɓen kofi yake maƙalewa? Wane irin zunubi ne wannan da jinin Yesu ya wanke amma sabuluna ya kasa? Duk a cikina na faɗa. A fili kuwa na ce "To, Mama," na jera kofin a kusurwa. Wannan "to" ɗin har yanzu kunyarsa nake ji.

Sun manta aikin ƙanina ne. Mutumin da ke wuni yana neman tsaga a jikin ƙarfe, ɗigon ja zai ɓace masa? Wata na farko ya sha ya wuce. Wata na biyu ya same ni bayan sujada ina ɗauraye kofuna, ya miƙa hannu ya zaro nasa daga cikin kumfa.

"Yaya, a gidan yari ma kwanona da lamba yake," ya ce. Ya ajiye shi a hankali. "Ki gaishe su. Ba sai na ƙara wahalar da kowa ba."

Lahadi uku bai zo ba. Na bi shi shago na tarar tsofaffin abokan shansa sun fara zama a bencinsa. Bai taɓa kwalba ba tukuna, amma na ga yadda yake kallonta.

Na ce, "Ka zo ran jibin Ubangiji. Sau ɗaya, don ni."

Ranar Asabar da rana na sayi jan farce, ni da ko a bikina ban shafa ba. Na kife kofunan a kan tebur, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Don fushi, wasu ɗigon ma sun fi na Mama girma.

Da safe Mama tana zuba ruwan inabi ta tsaya cak.

"Ke! Wanne ne nasa?"

"Ni ma ban sani ba, Mama."

"Kin san abin da kika yi?"

"Wanki na yi. Duk masu zunubi ne za su sha, sai na sa wa kowa alamarsa."

Ya zo, ya zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Da tire ya iso gare shi ya ɗauki kofi, ya ɗaga ya duba gindi, fuskarsa ta ɗaure. Sai tsohon da ke gefensa ya ɗaga nasa, ja ya haska. Ƙanina ya kalli wancan, ya kalli na gaba, ya waiwayo ya nemo ni da ido. Fasto ya ce a sha, ya sha.

Da aka tashi na kwashe tire zuwa ɗakin wanki. Kofi ɗaya na samu cike, ba a taɓa shi ba. Daga bencin gaba ya fito, inda Mama ke zama.